Dararen kiɗan rege a kulob-kulob ɗin Legas: matsayinmu a kan masu zuwa da masu neman abinci a bakin ƙofa



Duk wanda ya bi ta ƙarƙashin gadar Ikeja ko titin Allen a 'yan kwanakin nan ya ga fastoci masu launin ja da ruwan ɗorawa da kore manne a bango da turakun lantarki. Watan Mayu ya kama. Ranar 11 ga watan nan ce ranar da Bob Marley, mawaƙin nan na ƙasar Jamaika, ya rasu a 1981 yana da shekara 36, kuma shekara da shekaru gidajen rawa na Legas sun mayar da wannan mako kasuwarsu. Sukan ɗauko makaɗa masu ganguna da jita da fiyano a kwana ana kiɗan rege. Bana ma haka za a yi, daga kulob-kulob ɗin Ikeja da Surulere har zuwa na tsibiri.

Saƙonni iri biyu suka yi ta shigo mana a kan wannan. Wasu daga cikin iyayenmu dattawa suna so ƙungiya ta fitar da sanarwa ta hana duk wani membanta kusantar waɗannan wurare, ko da sana'a ce ta kai shi. Wasu matasa kuma sun turo mana hotunan fastocin suna so mu ɗora a shafi, wai don jama'a su san ranaku da kuɗin ƙofa. Ba za mu yi ko ɗaya ba. Shafin ƙungiya ba allon tallar kulob ba ne, wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Maganar hanin ce take buƙatar mu zauna mu yi ta a tsanake, domin waɗanda suka kawo ta mutane ne da muke ganin girmansu, kuma ba don komai suka kawo ta ba sai don kishin 'ya'yanmu.

Da farko mu san abin da ake magana a kai, domin da yawanmu sunan kawai muke ji. Rege kiɗa ne da ya fito daga unguwannin talakawan birnin Kingston a ƙarshen shekarun 1960. Gangarsa a hankali take tafiya, jita mai kaurin murya ce take jan ragama, kuma yawancin tsofaffin waƙoƙinsa kuka ne a kan talauci da zalunci da tarihin bauta. A 2018 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Yana da alaƙa da aƙidar Rasta, wadda mabiyanta suke ɗaukaka Sarkin Habasha Haile Selassie, kuma suke ɗaukar wiwi a matsayin wani ɓangare na ibadarsu. Wannan aƙida ba tamu ba ce, babu kuma mai cewa tamu ce. Amma ba duk mai kiɗan rege ne Rasta ba. Akwai Tiken Jah Fakoly na ƙasar Kwaddibuwa, wanda ya fito daga gidan Musulmi a garin Odienné. A nan gida kuwa, waɗanda suka kai shekara arba'in ba su manta da ƙarshen shekarun 1980 ba, lokacin da kaset ɗin Majek Fashek da Ras Kimono da Orits Wiliki da Evi Edna Ogholi suka cika rediyo da motocin haya. Mai shayi a Agege yakan cire kaset ɗin Shata ya sa na Lucky Dube, babu wanda ya ga abin mamaki.

Wasu fastocin suna ɗauke da wasu nau'o'in ban da rege. Akwai kiɗan rok irin na gargajiyar Amurka, mai jingina da kiɗan baƙaƙen fatar kudancin ƙasar da na mutanen karkara. Akwai kuma makaɗan da ba sa riƙe waƙa yadda aka naɗe ta, sai su sake ta, mai jita ya yi nasa, mai ganga ya amsa, waƙar minti huɗu ta koma ta minti ashirin, kuma gobe in sun maimaita ba za ta fito iri ɗaya ba. A Amurka ƙungiyar Grateful Dead ce ta shahara da wannan, daga 1965 zuwa 1995. Mu a Legas ba sai an je da nisa ba, domin Fela yakan cika fuska guda ta faifai da waƙa ɗaya, kuma 'ya'yansa Femi da Seun suna nan suna yi a New Afrika Shrine da ke Agidingbi.

To, me ya sa ba za mu hana ba?

Ku tsaya ku kirga waɗanda suke bakin ƙofar kowane kulob daga ƙarfe tara na dare zuwa asuba. Mai tsire namu ne. Mai shayi da indomi da ƙwai namu ne. Mai teburin alewa da ruwan leda da goro, mai gadin da yake buɗe get, yaron da yake gyara wa motoci wurin tsayawa, mai keken da yake kwashe mutane in an tashi, mafi yawansu namu ne. Akwai wanda a dare ɗaya irin wannan yake sayar da naman da a ranakun banza sai ya kwana biyu ko uku bai ƙarar ba. Daga wannan cinikin ake tura kuɗin taki gida, ga damina ta ƙarato. Daga ciki ake biyan kuɗin ɗaki da kuɗin makarantar yara, daga ciki kuma ake biyan kuɗin wata-wata na wannan ƙungiya da muke zaune a ofishinta. Idan muka ce kada kowa ya je, me muka tanadar masa a madadin? Ba mu da shi. Ƙungiya ba ta da asusun da za ta ciyar da iyalin mai tsire ko na mako guda.

Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya a kan ƙarfinmu. Ba mu da 'yan sanda, ba mu da kotu. Abin da muke da shi shi ne mutane suna jin maganarmu saboda ba mu saba faɗin abin da ba za mu iya tsayawa a kai ba. Ranar da muka fitar da dokar da kowa ya san ba za a bi ba, mai sana'a zai je wurinsa kamar kullum, sai dai yanzu a ɓoye zai je. In wani abu ya same shi da ƙarfe uku na dare ba zai kira mu ba, don kunya. 'Yan uwansa ma za su yi ta ɓoyewa har sai an kai shi kotu an wuce da shi gidan yari, sannan labari ya iso mana. Hanin ba zai rage mutum ɗaya a bakin kulob ba. Abin da zai rage shi ne yawan waɗanda za mu iya kai wa ɗauki.

Hukuncin kiɗa da zama a wurin da ake shan giya kuwa, wannan fagen malamai ne, suna nan a masallatanmu suna faɗa, kuma duk mai tambaya ya san inda zai same su. Sakatariyar ƙungiya ba ta ba da fatawa.

Amma dattawan nan ba su yi ƙarya ba, kuma a nan ne muke so matasa su buɗe kunne. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Dare irin wannan ba kiɗa kaɗai ake sayarwa ba. Wiwi yana yawo, ƙwayoyi suna yawo, kuma akwai masu ganin cewa sunan Bob Marley lasisi ne. Ba lasisi ba ne. Wiwi haramtacce ne a dokar Najeriya ranar 11 ga Mayu kamar yadda yake ranar 12, kuma hukumar NDLEA, wadda aka kafa tun 1989, ta san kalanda kamar yadda masu kulob suka san ta. Hukuncin da doka ta tanada ga wanda aka kama da irin waɗannan kaya na shekaru ne, ba na kwanaki ba.

Masu cewa ba a jin daɗin rege sai da hayaƙi su je su binciki tarihin mutanen da suke yi wa tafi. Lucky Dube, wanda 'yan fashin mota suka harbe a Johannesburg a watan Oktoban 2007, an san shi da cewa ba ya shan giya, ba ya shan taba, ba ya shan wiwi. Ras Kimono, da ya rasu a nan Legas a watan Yunin 2018, ya sha faɗa a hira cewa shi ma ba ya sha. Majek Fashek kuwa, wanda babu mai musun baiwarsa, wanda ya kai kiɗan ƙasar nan har Amurka, duk mun ga hotunan yadda shaye-shaye ya mayar da shi kafin ya rasu a birnin New York a 2020. Ba muna faɗa don cin mutuncin mamaci ba. Muna faɗa ne don yaron da yake ganin gashin rasta da jan ido su ne kiɗan.

Abin da ya fi damunmu ma ba ɗan kallo ba ne. Ɗan kallo ya sayi tikiti da kuɗinsa, ya san abin da ya kai shi. Mai sana'ar bakin ƙofa shi ne a tsakiyar hatsari, domin shi ba ya motsawa. Kowa zai iya gudu in an kawo samame, shi kuwa ga tukuba, ga wuta, ga nama. Kuma akwai wata ɗabi'a tamu mai kyau da take zame mana tarko a irin wannan wuri, wato karɓar ajiya. Wani zai zo ya ce, aboki riƙe min wannan ledar, yanzu zan fito. Ko ya tura jaka ƙarƙashin teburin mai shayi ya ce ta yi masa nauyi. Bahaushe ba ya son a ce ya ƙi amana, sai ya karɓa. In jami'ai suka zo suka buɗe, mai jakar ya ɓace, kuma babu wanda zai tsaya sauraron cewa ajiya ce. Mun sha zaman irin wannan shari'a, mun san yadda take cin kuɗi da watanni. Don haka kada wanda ya karɓi ajiyar kowa a bakin kulob, ko da kwastomanka ne na shekara goma, ko da ya yi fushi. Gara ya daina sayen shayinka.

Haka nan masu ɗora sigari da takardar naɗi a tebur. Sigari halal ne a doka, amma takardar naɗi a teburinka a daren rege gayyata ce. Ribar da ke cikinta ba ta kai kuɗin mota zuwa ofishin jami'an tsaro ba. A cire ta.

Sai yara. Wannan kam ba shawara ba ce, roƙo ne da babbar murya ga iyayen gida. Yaron da bai kai shekara 18 ba, wanda aka kawo maka daga ƙauye don ya koyi sana'a, ba shi da abin yi a bakin kulob da tsakar dare. Kada a aike shi ciki ya kai tsire. Mun san masu kulob sukan ce a shigo da shi teburin wane, mun kuma san cinikin ciki ya fi tsoka, to babba ya kai. Iyayen yaron nan sun ba ka shi ne a kan za ka mayar musu da shi da sana'a a hannu. Duk maigidan da muka samu labarin yana tura ƙaramin yaro cikin kulob, za mu kira shi gaban dattawa, kuma a nan ba za mu ji nauyin kowa ba.

Masu okada su ma su tuna inda suke. Tun ranar 1 ga Yunin 2022 gwamnatin jiha ta hana okada kwata-kwata a ƙananan hukumomi shida, wato Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Mainland da Lagos Island, daga baya aka ƙara wasu. Ku lura, yawancin kulob ɗin da ake wannan kiɗa suna cikin waɗannan wurare ne. Ɗan Agege yana iya ganin cewa tsallakawa Ikeja da ƙarfe biyu na dare ba komai, titi babu kowa, fasinja kuma zai biya ninki uku. Babur ɗin da aka kama ba a beli, murƙushe shi ake yi, kuma fasinjan ma doka ta hau kansa. Wanda yake biyan babur kashi-kashi ya lissafa da kyau kafin ya tsallaka. Masu tebur kuma su sani cewa dokar hana talla a kan titi tana nan. Wanda zai iya samun wuri a cikin harabar kulob ɗin ko jikin katangarsa da izinin mai wurin, ya fi masa kwanciyar hankali a kan bakin kwalta, ko da zai biya wani abu.

Ga abin da ƙungiya za ta yi nata. Za mu buɗe rajista ta duk membobin da suke sana'ar dare a bakin wuraren nan, da sunan mutum, da sana'arsa, da titin da yake, da wanda za a kira in wani abu ya faru. Wanda sunansa yake ciki, in aka yi kamun kan-mai-uwa-da-wabi aka haɗa da shi yana kan sana'arsa, za mu je da safe da takardar shaida, mu tsaya masa, in ta kama a nemi lauya a nema. Kowa ya riƙe katin ɗan ƙasa ko takardar lambarsa ta NIN a aljihu, domin rashin shaida shi ne yake mayar da tambayar minti biyar ta zama kwana uku. Amma wanda aka kama da kaya a hannunsa yana sayarwa, kada 'yan uwansa su zo mana da kuka. Kuɗin ƙungiya na marayu ne da marasa lafiya da kai gawa gida. Ba za mu taɓa shi don dillalin wiwi ba, ba kuma za mu kai sunan Sarkin Hausawa inda za a raina shi ba.

Matasan da suka ce su dai kiɗan suke so, kuma za su je ko mun so ko mun ƙi, ba mu ba ku izini ba, ba ma kuma da izinin da za mu bayar. Tsakaninku da iyayenku ne. Abin da za mu ce kawai shi ne, kada mutum ya tafi shi kaɗai, kada ya karɓi abin sha a buɗe daga hannun wanda bai sani ba, ya kuma san yadda zai koma gida kafin ya fita, domin bayan sha biyun dare danfo yakan yi wuya kuma ruwan Mayu ba ya sallama. In rigima ta tashi, ko ba da kai ake ba, bar wurin. Duk mun san yadda faɗan mutum biyu a garin nan yake komawa faɗan ƙabila kafin gari ya waye, kuma teburan mutanenmu ne ake fara kifarwa.

Akwai wani abu kuma da fastocin nan suka tuna mana, wanda ya kamata ya ɗan sosa mana rai. Mutanen nan suna biyan kuɗi don su ga ɗan adam yana kiɗa da hannunsa. Mu fa? Yaushe rabon da a ga kalangu a bikin Bahaushe a Agege? Yanzu sai a ɗauko mai kwamfuta da manyan lasifiku, ya danna, mawaƙi ya riƙe makirfo yana motsa baki a kan muryar da injin situdiyo ya gyara. Abin nan da Turawa suke yi wa suna na musamman, na sakin waƙa a ƙirƙiro sabon abu nan take, ai shi Mamman Shata ya yi ta yi har ya rasu a 1999. Yakan dubi fili ya ga wanda ya shigo ya sa shi a waƙa, makaɗa da 'yan amshi su bi shi ba tare da an tsaya shawara ba. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya zagaya duniya. Barmani Choge da ƙwaryarta ta riƙe filin mata shekara da shekaru. Bala Miller ya haɗa waƙar Hausa da kayan kiɗan zamani tun kafin a haifi yawancin masu turo mana fosta. Ko a yau a Yamai akwai ƙungiyar Tal National da take kwana tana kiɗa da jita da kalangu, har da waƙoƙin Hausa. Yaronmu da yake sha'awar ganin an kaɗa ganga da hannu, in bai samu a wurinmu ba, dole ya je inda ake yi. Mu ne muka bar makaɗanmu suka koma gadi da tura baro saboda mai kwamfuta ya fi araha.

Shi ya sa za mu kai wa kwamitin shagulgula shawarar cewa a wasan Sallah mai zuwa a ware kuɗin makaɗan gargajiya tun farko, kafin a yi maganar lasifika da rumfa, a yi shi da rana a fili, inda uba zai iya zuwa da ɗansa. Akwai masu kalangu da masu gurmi a cikinmu a nan Legas, wasu suna Alaba Rago, wasu suna Mil 12. Duk wanda ya san ɗaya ya haɗa mu da shi.

Rajistar da muka ambata ba ta makon nan kaɗai ba ce. A watan Oktoba akwai Felabration, bikin tunawa da Fela da ake yi tun 1998, wanda yake cika Agidingbi da jama'a har mako guda, sannan ga Disamba da kowa ya san yadda take a garin nan. Za a fara rubuta sunaye ranar Lahadi bayan sallar La'asar a ofishin ƙungiya, kuma ba a biyan ko kwabo. Wanda ba zai samu zuwa ba saboda yana kasuwar nama a lokacin, ya aiko maigidansa ko shugaban layinsu da sunansa da hotonsa guda ɗaya. Shugabannin masu tsire da na masu shayi, don Allah ku karanta wa waɗanda ba sa hawa Facebook.

Sakataren ƙungiya